Jinjina ga Masu Zanen Bayan Mota a Gombe

A Tashar Dukku ko bakin Babbar Kasuwar Gombe, duba bayan gingimarin da ta yi lodin wake da masara. Sau da yawa za ka ga kogi, giginya biyu, tsauni can nesa, da makiyayi rataye da sanda yana bin shanu. Wani ne ya zauna da gwangwanin fenti da buroshi ya zana wannan, ko sunansa bai sa ba.

Waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina. Da yawansu a gaban maigida suka koya, suna wanke buroshi da kananzir, suna rubuta allon shago, kafin a yarda su taɓa hoton daji. Lura da hannunsu: shuɗi ake fara shimfiɗawa, a bari ya sha iska, sannan a ɗiga fari da gefen buroshi, sai ga gajimare. Tsaunin kuwa, ko ba a faɗa ba, ɗan Gombe zai hango Dutsen Bima a cikinsa, ruwan kuma na Dadin Kowa.

A Iran, Sohrab Sepehri, mutumin Kashan da ya rasu a 1980, ya yi suna da zanen kututturen bishiyoyi, kuma ana adana aikinsa a gidajen tarihi. Namu kuwa rana da ƙurar hunturu ke cinye zanensu, ga banar kwamfuta ta rage musu kasuwa. Duk da haka, in direba ya kawo mota, haka za su durƙusa su zana masa ƙauyensu.