Gwanintar Auna Zaren Tawada

A shekarar 1996 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wasan Resident Evil a kan PlayStation, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. Labarin wasu zaratan 'yan sanda ne da suka maƙale a wani tangamemen gida cikin dajin da ke bayan garin Raccoon City, gidan cike da gawarwaki masu tafiya da karnukan da cuta ta haukata. Wanda duk ya buga shi yana tuna karnukan nan da ke faso taga su diro cikin lungu. Yana kuma tuna tafireta. A wasan nan, in kana son ka adana inda ka kai, dole ka taka har gaban wata tsohuwar tafireta, ita kuma ba ta aiki sai kana riƙe da zaren tawada. Duk adanawa ɗaya tana cin zare ɗaya. Zaren ƙidayayye ne, babu mai sayar da shi, in ya ƙare ya ƙare ke nan.

Kusan shekara talatin ana jayayya a kan wannan tsari. Ni ina cikin masu ganin cewa ƙayyade adanawa gwaninta ce mai zaman kanta, mai wuyar gaske, kuma kaɗan ne suka iya ta.

Da farko rashin hali ne ya hana a riƙa adana wasa yadda aka ga dama. Yawancin na'urorin wasa na shekarun 1980 ba su da wurin ajiya, shi ya sa wasanni irin su Metroid suke ba ka dogon jerin haruffa ka kwafe a takarda. The Legend of Zelda, da ya isa Amurka a 1987, sai da aka sa masa ɗan batir a cikin kaset ɗinsa don ya riƙa tuna inda mutum ya tsaya. Amma a 1996 wannan uzuri ya kau. PlayStation tana da memori mai gurbi 15, masu kwamfuta kuwa tun 1993 suke adana Doom a duk inda suka so. Babu abin da ya tilasta wa su Mikami ƙirga adanawa. Da gangan suka yi, don sun gane cewa tsoro ba ya kama mutumin da ba shi da abin asara.

Ga yadda abin ke aiki a zuciyar ɗan wasa. A ce ka yi rabin awa rabonka da tafireta. Ka samo sabon makulli, ka warware wata dabarar da ta ba ka wuya, amma harsashi ya yi ƙasa, kare kuma ya cije ka. Zare biyu suka rage maka. In ka adana yanzu, ka tsira da aikin rabin awa, sai dai ka ɗaure kanka a cikin mummunan hali: duk sanda ka mutu, nan za ka farfaɗo, da rauninka da bindigarka da ta kusa zama fanko. In ka ce bari ka leƙa ɗaki ɗaya ko za ka dace da ganyen magani kafin ka adana, wataƙila abin da ke bayan ƙofar shi ne ajalinka. Gaba kura, baya siyaki. Babu dodo a gabanka a wannan lokaci, kana tsaye ne kawai a ɗaki, amma gabanka na faɗuwa. Masu tsara wasan sun ɗauki abin da a sauran wasanni aikin maɓalli ne kawai, suka mai da shi shawara mai nauyi da mutum zai yanke da kansa.

Sai suka ƙulla shi da sauran ƙuncin wasan. Cikin 'yan sandan biyu da za ka iya zaɓa ka yi wasan da su, Jill Valentine na iya ɗaukar abu takwas ne kacal, Chris Redfield kuwa shida. Zaren tawada ma yana cin gurbi kamar bindiga ko makulli. Saboda haka mai hankali ba ya yawo da shi, sai ya bar shi a akwatin ajiya da ke ɗakunan tsira. Akwatunan nan a haɗe suke, abin da ka sa a wannan za ka tarar a wancan, kuma galibi kusa da su tafireta take. Ka ga ke nan harsashi da magani da gurbin aljihu da zare duk lissafi ɗaya ne. Wanda ya ɓarnatar da harsashi zai sha cizo, wanda ya sha cizo zai cinye magani, wanda maganinsa ya ƙare zai firgita ya yi ta adanawa, zarensa ya tafi.

Inda gwanintar ta fi ɓuya shi ne adadin. Mai tsara irin wannan wasa kamar magidanci yake da rumbu ɗaya, yana auna wa gida hatsi daga rani zuwa kaka: in ya saki hannu a manta da tattali, in ya matse a kwana da yunwa. Yawancin waɗanda suka kai ƙarshen Resident Evil suna tarar da ragowar zare a akwatinsu. Ashe da ma ya isa, har da rara. Amma ba su san haka ba lokacin da suke tsakiyar gidan, domin ba a taɓa gaya musu nawa ne ke gaba ba. Sau da yawa ma ana ajiye zaren kusa da sabuwar tafireta, yadda wanda ya iso a galabaice ba zai rasa ba. Ana so mutum ya ji kamar zai rasa, ba tare da ya rasa ɗin ba, kuma tazarar da ke tsakanin biyun siririya ce ƙwarai. Da aka kai wasan Amurka an rage yawan zaren, an kuma cire taimakon saita bindiga, don kada masu hayar kaset su gama shi a 'yan kwanaki. Gida ɗaya, dodanni ɗaya, amma rage 'yan zarurruka ya sa wasan ya ƙara zafi. Wannan kaɗai ya nuna irin nauyin da lambar take da shi.

Bayan adadi sai wuri. An gina gidan ne yadda za ka riƙa kai da komowa ta hanyoyi guda, kana buɗe ƙofofi da makullai masu alamar takobi, sulke, garkuwa da kwalkwali. Ɗakunan tsira suna kan waɗannan hanyoyi, ɗaya a ɓangaren gabas, ɗaya a yamma. A hankali taswirar gidan takan zauna maka a kai, ka fara auna kowace fita da tambayar ko za ka iya dawowa. Da ka saba, ka share hanyoyinka, ka fita zuwa ginin bayan gida ka dawo, sai ka tarar an cika gidan da wasu halittu masu farata da ake kira Hunter, waɗanda ke iya fille kan mai rauni da sara ɗaya. Hanyar da jiya kake bi ido rufe ta koma abin tsoro, zaren da kake ƙyashin kashewa ya ƙara daraja. A sabon zubin da aka yi wa wasan a 2002 a kan GameCube, Mikami ya ƙara wani ƙulli: gawar da ka harbe ba ka ƙone ta ba, ba kuma ka fasa kanta ba, za ta sake tashi da gudu da farata. Kananzir ɗin ƙonawar ma ƙidayayye ne, sai ka zaɓi gawar da ke kan hanyarka ta zuwa tafireta ka ƙone, ka bar sauran.

Akwai kuma kiɗan ɗakin tsira, mai taushi da ɗan baƙin ciki. Ba abin da ke biyo ka cikin ɗakin. Wanda ya shigo yana jan ƙafa ya ji wannan kiɗa ya san irin ajiyar zuciyar da ake yi. Wasan da ke adana kansa kowane minti biyu ba zai iya ba ka wannan sauƙin ba, tun da bai taɓa ɗora maka nauyin ba.

Masu adawa da tsarin suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Suna cewa maimaita abin da ka riga ka yi ɓata lokaci ne, ba ƙalubale ba. Magidanci mai awa ɗaya bayan isha'i ba shi da halin asarar rabinta. Ana kiran salla, ana aiken mutum, yaro na kuka. A wajenmu ma akwai ƙarin dalili: wanda ke buga wasa a Kano ko Zinder ya san ana iya ɗauke wuta yana tsakiyar lungu, aikin awa guda ya bi iska ba tare da wani dodo ya taɓa shi ba. Wannan asara ba ta koya wa kowa komai.

Kingdom Come: Deliverance, da kamfanin Warhorse na birnin Prag ya fitar a 2018, ya faɗa wannan rami. Wasan na faruwa ne a ƙasar Bohemiya ta shekarar 1403, kuma in ba barci ka yi a gado ba, ko labarin ya kai wata gaɓa, sai ka sha wata barasa mai tsada kafin ka adana. Niyyar mai kyau ce, ana so in ka yi sata aka kama ka, ka zauna da sakamakon. Sai dai wasan ya fito da kurakurai masu yawa, yana iya tsayawa cak ko ya maƙale. Mutane suka yi ta asarar awanni a kan laifin da ba nasu ba. Ba a daɗe ba kamfanin ya ƙara damar adanawa yayin fita daga wasan. Wanda zai ƙayyade adanawa ya ɗauki alkawari ke nan cewa duk mutuwa za ta zama da dalilin da ɗan wasa zai iya gani ya gyara. In ya kasa cika wannan, ba shi da haƙƙin riƙe zaren.

Gyaran da Warhorse ya yi ya fito da abin da jayayyar ke yawan cakuɗawa. Buƙatu biyu ne daban. Akwai buƙatar mutum ya tsaya ya tashi, ya dawo gobe ya ci gaba. Akwai kuma son ya goge kuskure, ya koma baya kamar bai yi ba, irin na mai danna maɓallin adanawa kafin kowace ƙofa, in abin bai yi masa daɗi ba ya sake lodawa. Ta farko haƙƙi ce, bai kamata a hana kowa ba, kuma a nan tsohon Resident Evil yana da laifi, don ko tashi cin abinci sai ya ci maka zare. Ta biyun ce mai tsara wasa ke da ikon sa wa farashi. Dark Souls na Hidetaka Miyazaki, na 2011, ya raba su da kyau: yana adana kansa kusan koyaushe, kana iya fita ka dawo inda ka tsaya, amma saboda haka ɗin babu komawa baya, abin da ka yi ya zauna. XCOM: Enemy Unknown na 2012 yana da mataki irin wannan mai suna Ironman, inda sojan da ya mutu ya mutu har abada. Akwai kuma masu wuce gona da iri. Steel Battalion na 2002, shi ma na Capcom, yana share maka ajiyarka gaba ɗaya in motar yaƙinka ta tarwatse ba ka danna maɓallin tsira ba.

Wanda ya fi burge ni a cikin magadan tafireta shi ne Alien: Isolation na 2014. Bai ƙirga adanawa ba, lokaci ya sa mata a matsayin farashi. Sai ka nemo wata na'urar kiran gaggawa a jikin bango, ka zura kati, ka tsaya 'yan daƙiƙoƙi kana jira, bayanka a buɗe, dodon kuma na iya cafke ka kafin ta gama. Ƙarar na'urar da kake jiyowa daga nesa takan ja ka ka fito daga maɓoya a lokacin da bai kamata ba.

Capcom kansa ya yi ta sauya ra'ayi. A Resident Evil 4 na 2005 an bar tafireta amma an cire zare, domin wasan ya karkata ga harbi. A na bakwai, na 2017, rikoda ce ta maye gurbinta, kuma a mataki mafi tsanani sai da kaset ƙidayayye take aiki. Sabon zubin Resident Evil 2 na 2019 ya raba gardama: mai son sauƙi wasan na adana masa kansa, mai son tsohuwar hanya ya zaɓi matakin Hardcore, zaren tawada ya dawo, adanawar kai-tsaye ta tafi. Ga wanda ke neman maki mafi girma a wannan mataki, sharaɗin shi ne ya gama zagayen farko cikin awa biyu da rabi, kuma kada ya adana fiye da sau uku. Ƙwararru kan zauna su tsara tafiyar tun kafin su fara, su san ɗakin da za su tsallake da gawar da za su kauce wa, su kuma ware zarurrukan nan uku ga faɗace-faɗacen da suka san kuskure ɗaya a cikinsu na iya kashe su.