Labarin Da Ake Bai Wa Baƙo A Birnin Katsina

Duk wanda ya taɓa bin ayarin ɗalibai zuwa Katsina yawon buɗe ido, ko ya raka wani baƙo ya ga gari, ya san hanyar da ake bi, domin kusan guda ce. A fara da Hasumiyar Gobarau, a hau a sauko, a zarce Filin Kangiwa a tsaya gaban Ƙofar Soro a dubi Gidan Korau, sa'an nan a leƙa tsohon ginin Kwalejin Katsina. In da sauran rana a zaga ƙofa biyu ko uku, in kuma da mota da mai a miƙa Durɓi ta Kusheyi wajen Mani. A kowane zango akwai abin da ake faɗa wa baƙo, shi ma kusan guda ne, ko daga bakin ɗan jagora ya fito, ko daga 'yar ƙasidar da ake rabawa, ko daga shirin rediyo na lokacin hawan Salla. To, tun da yake wannan zance yana da mafari da ƙarshe, yana da taurarinsa, kuma an maimaita shi har ya zauna, a ganina ya cancanci a yi masa abin da muke yi wa kowane labari a aji, watau a dubi jigonsa da zubinsa, a ga abin da ya ɗauka da abin da ya zubar.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aikin marasa abin yi ne. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da mil 13 zuwa 14. Yau fa? Ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu neman filin gini sun cinye mafi yawanta, ƙofofin kuma an sake gina su da siminti. Ke nan abin da baƙo zai gani da idonsa raguwa yake yi, abin da zai ji da kunnensa ne ke ƙara nauyi. Ran da ƙasar ta gama narkewa labarin ne zai rage, saboda haka ya kamata mu san irin labarin da muke tanada.

Bari in fara da yabo, don ya cancanta. Labarin yana da armashi, kuma masu ba da shi sun iya baki. Dubi yadda ake kawo zancen gardamar alƙibla lokacin gina masallacin Gobarau: malamai sun kasu, kowa da inda yake nunawa, sai wani malami baƙo ya fusata ya nuna da sandarsa, jama'a suka hangi Ka'aba ƙiri-ƙiri. Ko kuma labarin Korau, ɗan kokawa daga 'Yandoto, wanda ya haɗa baki da matar Sarki Sanau aka raba mijin da layunsa, ya kā da shi a gindin tsamiyar Bawada ya yanka shi, sarauta ta bar hannun Durɓawa. Waɗannan ƙissoshi ne masu rai, akwai rikici, akwai cin amana, akwai ƙololuwa. Ba ni da ja da su, kuma ba na cikin masu cewa a daina faɗarsu don wai ba tarihi ba ne. Adabin baka ne, mu kuwa shi muke karanta.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da aka ɗauki adadin shekara aka manna wa ƙissa don ta yi kama da littafi. Sau da yawa za ka ji an ce an gina Gobarau zamanin Korau, tsakanin 1348 da 1398, sa'an nan a numfashi ɗaya a ƙara da cewa Shehu Maghili ne ya ba da shawarar ginin. To, Maghili dai wajen 1492 zuwa 1493 ya ratso ƙasar Hausa. Yaya mutum zai ba da shawara ga sarkin da ya rasu kusan shekara ɗari kafin zuwansa? Masana irin su Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, sun kai zamanin Korau rabi na biyu na ƙarni na 15, wanda ya fi dacewa da zuwan Maghili. Baƙo bai san da wannan saɓani ba. Ya rubuta lambobin a littafinsa, ya koma makaranta ya zuba su cikin takardar jarrabawa. Haka kuma ba kasafai ake gaya masa cewa hasumiyar da ya hau, mai tsawon kamar ƙafa 50, ragowar babban masallaci ce da aka daina salla a cikinsa bayan jihadi, kuma an yi mata gyara sosai a zamanin Sarki Dikko ba. Faɗin haka ba zai rage mata daraja ba. Ginin ƙasa ai da yaɓe yake rayuwa, kuma magina da suka riƙa yaɓe ta ƙarni bayan ƙarni su ma suna da haƙƙin a ambace su.

Jigon labarin kuwa sarauta ne, daga farko har ƙarshe. Wannan ba laifi ba ne a garin da ake yi wa kirari da sunan sarakunansa. Amma dubi yadda zubin yake: daga Korau sai a yi tsalle a dira kan Dikko, kamar dai ɗa ne ya gāji ubansa. Tsakaninsu akwai shekaru sama da 400 da juyin mulki har biyu. A 1807 masu jihadi, ƙarƙashin Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, suka ci birnin. Sarki Magajin Halidu ya ƙare a rijiya a Ɗankama, sauran gidan suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedkwata a Maraɗi. Daga can suka yi ta kawo hari shekara da shekaru, musamman zamanin Ɗan Baskore. Wannan yaƙi na cikin dalilan da suka sa Barth ya tarar da wannan makekiyar ganuwa da mutanen da bai ƙiyasta sun wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, fatake sun karkata Kano. Sa'an nan a 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero, na ƙarshe daga Dallazawa, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa.

Na fahimci dalilin wannan tsallake. Katsina ɗakin kara ce, kuma kara ba ta barin mutum ya tsaya a ƙofar fada yana tona wa ya tuɓe wa. Sai dai karar da ta dace da zaure ba lalle ta dace da darasi ba. Sakamakonta shi ne baƙo ya bar garin bai san cewa kamar kilomita 90 daga inda yake tsaye, in ya bi ta Jibiya ya ƙetare iyaka, akwai wani basarake a Maraɗi da har yanzu ake kira Sarkin Katsina ba. Rabin labarin yana Nijar. In kuma an taɓo jihadin, sai a dunƙule shi cikin jimla ɗaya, wai Fulani sun kori Haɓe, alhali babban abin da Bala Usman ya yi ta nunawa shi ne al'amarin ya fi ƙarfin wannan rabo na ƙabila biyu. Abin mamaki, kirarin Korau kansa bai ɓoye cewa mai masaukinsa ya yanka ba. Maroƙan dā sun fi 'yan jagorar yau ƙarfin hali.

Ko ƙofofin ma ana wuce su da gaggawa, a ɗauki hoto a shiga mota. A Ƙofar 'Yanɗaka akan tsaya a ce ta nan Lugga ya shigo a 1903, shi ke nan. Ba a cewa da baƙo ya lura da sunayen: Ƙaura, Durɓi, Marusa, 'Yanɗaka. Duk sarautu ne, kuma masu riƙe da su hakimai ne na Rimi da Mani da Dutsi da Dutsin-ma. Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka, tare da Galadima na Malumfashi, su ne masu zaɓen sarki. Watau tsarin mulkin ƙasar yana rubuce a jikin ganuwa, mai karanta shi ne babu.

Amma babban giɓin, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne na masu alƙalami. Abin da ya fitar da sunan Katsina har Timbuktu da Masar ba tsawon hasumiya ba ne, malamai ne. Alƙali Ɗan Takum, wanda ya rasu wajen 1529, daga yankin Timbuktu ya zo ya zauna. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da almajirinsa Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667 ya bar littattafai da Larabci. Bayansu ga Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu kan hatimi, irin mai gidajen nan da ake jera lambobi ko ta ina ka tara jimla guda za ka samu. A Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A cikin labarin da ake bai wa baƙo waɗannan mutane ba su da murya. In an ambaci waliyyan, to karamarsu za a faɗa, ba a faɗin me suka karantar ko me suka rubuta. Da yawa daga cikin matasa ma sun san maƙabartar Ɗan Marina ne kawai don can aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Unguwar Masanawa tana nan, da ƙafa ake zuwa, amma ba ta cikin zangon da aka tsara.

Barth, duk da Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki ana ciniki kan kyauta, ya fi mu kula da wannan fanni. Ya zauna ya tattara sunayen unguwannin birnin ya jera su a littafinsa, kuma ya rubuta ra'ayinsa cewa a Katsina ne harshen Hausa ya fi wadata da daɗin furuci. Ko mun yarda da shi ko ba mu yarda ba (na san Kanawa da Sakkwatawan ajinmu ba za su yarda ba), ya gane cewa harshe da sunan unguwa abin kallo ne. Mu kuwa sai mu kai ɗalibin Hausa garin da ake cewa hwara da ɗiya, mu dawo da shi bai zauna da tsoho ɗaya ya saurari Katsinanci ba.

Sai kuma tsohon ginin Kwaleji, inda abin ya fi yi mini ciwo. Gwamna Clifford ya buɗe makarantar a watan Maris na 1922, a 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau. Ginin ƙasa ne mai bakan gizo, an mayar da shi gidan tarihi. Abin da baƙo ke ji a nan shi ne: ga inda Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, ga inda Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu. Gaskiya ne, amma ka ga jigon sarauta ya sake dawowa, wannan karon da rigar siyasa. Ɗalibin Hausa ya kamata ya ji wani abu daban. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa, kuma uku daga cikinsu na mutanen wannan gini ne. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne a Kwalejin. Ƙanensa Abubakar Imam ya yi karatu a nan daga 1927 zuwa 1932, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Bauchi ya rubuta Shaihu Umar, tun ba wanda ya yi mafarkin zai mulki ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar adabin Hausa ya sha fama da waɗannan littattafai, amma sai ya tsaya cikin ɗakunan da marubutansu suka zauna ba wanda ya ce masa uffan.

Ba kuwa don abin faɗa ya yi ƙaranci ba. Bello Kagara ya zama Walin Katsina, kuma shi ya rubuta tarihin Sarki Dikko da Hausa, ke nan ko labarin sarautar da ake ji da shi ta hannun marubuci ya iso mana. Imam kuma daga Katsina aka ɗauke shi zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Da ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jarida, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, watau shi kansa ya bar mana misalin yadda Bahaushe ke zuwa garin wasu ya kalla ya tambaya ya rubuta.

Ban ce a sauke wa 'yan jagora laifi ba. Abin da aka ba su suke bayarwa, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin kundayen digiri da ke jibge a sassanmu na Hausa da na tarihi ba, inda aka yi nazarin waɗannan unguwanni da malamai da waƙoƙin fada. Kundin yana kan kanta ƙura ta rufe shi, ɗan jagora yana gindin hasumiya yana maimaita 1348. Ƙungiya irin tamu tana iya fitar da shafi huɗu da Hausa mai sauƙi, ɗaya kan Gobarau da saɓanin shekarunta, ɗaya kan ƙofofi da sarautunsu har zuwa Maraɗi, biyu kan malamai da marubuta, a miƙa wa masu raka baƙi kafin ayarin ɗalibai na baɗi ya tashi.