Gyaran fuska, baya na rushewa

A watan Satumba na shekarar 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Da ƙasa aka gina shi, tun tsakiyar ƙarni na 19. Kakanninmu sun yi salla cikinsa. Baƙi daga nesa sun sha zuwa ɗaukar hotonsa. Ruwa ikon Allah ne, ba na ɗora wa kowa laifi. Amma abin ya sa ni tunani kan yadda muke riƙon kayan gadonmu.

Ga abin da na gani da idona. Wata rana na raka ɗalibaina na karatun manya cikin Birni. Muka tsaya ƙofar wani tsohon gida. Fuskarsa ta sha siminti da fenti iri-iri. Wani saurayi yana nuna wa baƙi, suna ta ɗaukar hoto. Da muka zagaya baya, sai ga bango ya tsage, indararo ya toshe, ruwa ya ci gindin katanga. Wani dattijo cikin ɗalibaina, tsohon magini, ya koma ya ƙwanƙwasa simintin da yatsa. Ya ce: "Mushe, ka ji ƙarar? Ciki ya saki. Wannan kyan ɗan maciji ne."

Gaskiya gare shi. Siminti ba ya kama ginin ƙasa. In ya tsage, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Ƙasa ta jiƙe daga ciki, wata rana duka su zubo. Maginan dā ba haka suke yi ba. Suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da katsi na marina. Zanen bango kuwa da hannu ake fitar da shi tun yaɓe yana ɗanye. Kafin damina a duba rufi, a share indararo, a toshe tsaga. Wannan aikin ba ya fitowa a hoto, amma shi ke riƙe gida.

Abin da nake suka ke nan: gyaran da ake yi don idon baƙo kawai. Yana ɓata asalin gida, kuma yana rage masa kwana. Baƙon ma an cuce shi. Ya taso daga nesa don ya ga aikin maginanmu, aka nuna masa fenti.

Mu dubi Agadas. Babban masallacinta yana da hasumiya mai tsawon mita 27, duka ta ƙasa. An fara gina shi wajen shekarar 1515, aka sake ginin a 1844. Itatuwan nan da suka fito daga jikin hasumiya ba ado ba ne kawai. A kansu magina ke takawa in za a sabunta yaɓe. Tun ranar gini an yi tanadin gyara.

A shekarun 1980 Agadas ta cika da baƙi. Gasar motoci ta Paris-Dakar tana bi ta can. Daga baya har jirage suna kawo masu yawon buɗe ido daga Faransa. Maƙeran azurfa da ƴan rakiya sun samu ciniki. Sai aka yi tawaye a 2007, rashin tsaro ya biyo baya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ko da hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan gadon duniya a 2013, kasuwar ba ta koma yadda take ba. Masu dogara ga baƙi kaɗai sun sha wuya. Amma salla ba ta tsaya a masallacin ba. Bikin Biyanu na watan Muharram shi ma bai mutu ba. Me ya sa? Don na mutanen gari ne, ba don baƙo aka ƙirƙire su ba.

Kada a ce ina ƙin baƙi. Baƙonka Annabinka, in ji Hausawa. Kuɗin da suke kawowa halal ne, yana ciyar da gidaje. Amma baƙo raɓa ne. In rana ta fito, wa zai rage da gidan? Mu ne.

To, ga shawarata. Na ɗaya, abin da aka karɓa hannun baƙo, a ware wani abu don ƙasa da makuba da ladan magini. Na biyu, a sa yara su bi tsofaffin magina, don in mai sana'a ya mutu ba magaji, an rufe shi da ita. Na uku, ku da kuka koyi karatu, ku zauna da dattawa ku rubuta tarihin gidajenku da Hausa. Ta haka ɗan rakiya zai faɗa wa baƙo gaskiya, ba abin da ya ƙaga don a ƙara masa dala ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kafin damina ta faɗi, kowa ya zagaya bayan gidansa ya duba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar kakanni.