Waƙar da Allah Ya Ƙi Saurara

Wanda ya tashi tsakanin Janbako, Maradun da Bakura ba sai an koya masa darajar waƙa ba. Nan ce ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, inda kotso ke tashi a ƙofar fada, sarki ya ji kirarinsa ya tuɓe riga ko ya ba da doki. Kowa ya san tsarin: makaɗi ya wasa ubangida, ubangida ya yi kyauta. Sana'a ce, babu ha'inci a cikinta. Ɓarna tana farawa ranar da mutum ya shiga da wannan lissafi wurin ibada, yana zaton Allah ma za a iya ɗauke masa hankali da zaƙin murya.

A cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932 bayan doguwar wahalar su Dokta Walter Miller na Zariya, babu annabin da ya zafafa kan wannan kamar Amos. Makiyayi ne daga Tekowa, ya yi wa'azi kusan shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, zamanin Sarki Yerobowam na biyu, lokacin da Isra'ila ke cikin wadata. Masujadar Betel cike take, hadayu ba sa yankewa, mawaƙa na aikinsu. A sura ta 5 sai ga Ubangiji yana cewa a kawar masa da hayaniyar waƙoƙin, ba zai saurari molonsu ba. Dalilin yana warwatse cikin littafin: masu rera waƙar nan su ne ke sayar da talaka a kan kuɗin takalmi, su karɓi toshiya wurin shari'a, su ƙagara ranar hutu ta wuce don su koma kasuwa su tauye mudu. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Talata Mafara ya san irin mutumin da ake nufi. Amaziya, firist na Betel, bai yi musun zargin ba, korar Amos ya yi, ya ce masujadar ta sarki ce.

Ishaya ya yi irin wannan kuka kan masu girmama Allah da leɓe alhali zuciya na nesa. Amma na Ezekiyel, a sura ta 33, ya fi ba ni tsoro, domin ya juya kan masu sauraro: suna taruwa gaban annabi kamar masu jin mawaƙin soyayya mai daɗin murya, su yaba, su watse, ko abu ɗaya ba su aikata ba.

Abin lura, babu inda annabawan nan suka haramta molo ko garaya. Da su Dawuda ya yi zabura. Saboda haka gardamar da ake tafkawa a wasu majami'un Arewa, wai tsakanin Littafin Waƙoƙi da tulun Zumuntar Mata da jitar matasa wanne ya fi tsarki, a ganina ta bar jaki tana dukan taiki. Matar da ta buga tulu ranar Lahadi, Litinin ta kai wa gwauruwa tuwo, ta fahimci Amos fiye da attajirin da ke liƙa wa ƙungiyar mawaƙa kuɗi ana kiran sunansa a lasifika, ga leburorinsa wata biyu ba albashi. Masu bege da mandiri ma, maganar ba ta tsallake su ba.

Shugabannin mawaƙa, kafin ku zaɓi waƙar Lahadi mai zuwa, ku karanta wa 'yan ƙungiya Amos sura ta 5 tun daga farkonta.