'Yar Tsana Mai Kisa: Yadda Tsoron Amurka Ke Sauka a Ƙasar Auduga

Duk wanda ya taso da kallon kaset a Funtuwa ko Malumfashi, da wuya a ce bai san Chucky ba, ɗan tsanan nan mai jan gashi da ke yawo da wuƙa tun fim ɗin Child's Play na 1988. Yana da 'yan uwa da yawa a Amurka, finafinan ƙaramin jari da ake ɗora labarin wasunsu a kan Kirsimeti, lokacin da iyaye ke naɗe kayan wasa a takarda su ajiye wa yara a gindin bishiyar ado.

Kuɗi ne ya yawaita su. 'Yar tsana ba ta neman ladan aiki, gida ɗaya da dare ɗaya sun ishi darakta, sauran kuwa duhu ya rufa masa asiri. Charles Band na kamfanin Full Moon ya gane haka da wuri. Puppet Master na 1989 da Demonic Toys na 1992 duk kai tsaye suka tafi kaset ba su bi ta sinima ba, a daidai zamanin da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe wa Kano kasuwar bidiyo a 1990. A 2004 aka haɗa ayarin biyu karo a wani fim na talabijin, inda wata mai kamfanin kayan wasa ta shirya 'yan tsanan da ta sayar su tashi su hallaka mutane da safiyar Kirsimeti. Akwai kuma The Toy Maker na 1991, kashi na biyar na Silent Night, Deadly Night. Abin dariya, Mickey Rooney da ya fito a matsayin maƙerin kayan wasan yana cikin waɗanda suka yi tir da kashin farko a 1984, da iyaye suka yi zanga-zanga har aka janye shi daga sinima.

Abin da ke razana Ba'amurke a nan shi ne kyautar da ya saya da hannunsa, daga kantin da ya amince da shi, ta juya wa ɗansa. Wannan tsoron ba ya iso mana yadda aka shirya shi. Kiristocin Hausawa na Malumfashi da Ƙafur, Kirsimetinsu na zuwa ne da kaka, an kai masara da dawa rumbu, kuɗin auduga da waken suya sun shigo. Sabon ɗinki ake yi, da shinkafa da nama, a aika wa maƙwabta Musulmi kamar yadda su ma ake aiko musu da Sallah. Ba a san jibge kwalaye a gindin bishiya ba. Yaron karkara kuwa shi ke haɗa motar kara da ta langa-langa, yarinya ta gina tukunyar laka. Wa zai ji tsoron abin da ya ƙera jiya da yamma, ya san ɓargon karan da ke cikinsa?

Duk da haka Chucky ya karɓu, kuma ina ganin ta wata ƙofa ya shigo. A labarin, mai kisa ne ya yi tsafi ya cusa kurwarsa cikin ɗan tsanan, wata uwa kuma a hannun wani mai talla a lungu ta saya wa ɗanta saboda na kanti ya fi ƙarfinta. Nan Bahaushe ya gane hanya: sammu ne, kayan da ba a san asalinsu ba, irin abin da kaka ke hana jika tsinta a mararraba. Shi ya sa The Toy Maker ba ya tayar mana da tsigar jiki sosai. Kayan wasansa injuna ne, waya da batir, babu aljani babu boka, mai kallo sai ya ga ai taɓarya ɗaya ta gama da su.

Indiyawa sun riga mu lura da wannan. Zapatlela na Mahesh Kothare, 1993, ya ɗauki labarin Chucky ya mayar da tsafin hannun bokan gida, ya zuba barkwanci, sannan Papi Gudia ya biyo a 1996 da Karisma Kapoor. Kannywood kuwa tsoronta ya fi karkata ga fatalwa, maita da bokan kan dutse mai jan ƙyalle, alhali hanyar da ta fi arha tana nan a tsakar gida: 'yar tsanar roba da kishiya ta sayo wa 'yar abokiyar zamanta ranar kasuwa.