Kare mai kukan kyanwa: nazari a kan wani littafin yara na Jules Feiffer

A shekarar 1999 Jules Feiffer, mai zanen barkwanci ɗan birnin New York wanda ya rasu a 2025, ya fitar da wani ƙaramin littafin yara mai suna Bark, George. Labarin ba shi da tsawo. Wata karya ce ta umurci ɗanta ya yi haushi, sai ya yi kukan kyanwa. Ta sake umurtarsa, ya yi na agwagwa, sannan na alade, sannan na saniya. Da abin ya ishe ta, ta kai shi wurin likitan dabbobi, wanda ya zura hannu cikin bakinsa yana zaro dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka ne kwikwiyon ya yi haushi irin na ƴan uwansa.

Ga yaron da ya tashi cikin Ingilishi, wannan abin dariya ne kawai. Amma a Amurka akwai mutane fiye da miliyan 40 da ke magana da Sifaniyanci a gidajensu, kuma ƴaƴansu suna zaune a azuzuwan da ake karanta irin wannan littafi. Karen gidansu guau yake cewa, zakaransu quiquiriquí, ɗan tsakonsu pío pío. Ranar da malama ta tambayi yaron yadda kare yake yi, ya amsa da abin da ya ji daga bakin kakarsa, sai a gyara masa. A wannan lokaci shi ne George: an nuna masa cewa akwai wata baƙuwar murya a cikinsa da ya kamata a ciro.

Wahalar ba a kunne take ba, yawancinta a rubutu take. Kukan kyanwa da na saniya kusan furuci ɗaya ne a harsunan biyu, amma mai Ingilishi ya rubuta meow da moo, mai Sifaniyanci ya rubuta miau da muu. Shi yaron ya saba da wasula biyar, kowane da sautinsa guda, don haka zai karanta moo da wasalin o, ya ɓata abin da ya riga ya sani. A harshensa haruffan qu suna ba da sautin k ne tsantsa, saboda haka quack na agwagwa ya rasa w ɗinsa, ko da yake cuac ɗin da ya gada yana da shi. Mafi ban dariya ita ce tunkiya: in ya rubuta bee kamar yadda ya saba, abokin zamansa zai karanta sunan ƙudan zuma. Woof kuwa yana ɗauke da wani gajeren wasali da babu shi sam a Sifaniyanci.

Ferdinand de Saussure ya taɓo wannan batu a darussansa da aka buga a 1916, inda ya nuna cewa kalmomin kwaikwayon sauti ma sun sha al'adar masu harshen. Kwaɗo ya isa shaida. Ribbit na Ingilishi ya yaɗu ne ta finafinan Hollywood, waɗanda suka riƙa ɗaukar muryar wani ƙaramin kwaɗo na gaɓar yammacin Amurka. Kwaɗin Ingila ba su taɓa yin wannan kuka ba, balle na Sifaniya masu croac.

A matsayin littafin koyarwa, aikin Feiffer yana da rauni guda. Haushin da ya ba George shi ne arf, alhali woof ne mai koyo zai fi cin karo da shi. Sai dai ya yi abin da jerin kalmomin da ake liƙawa a bangon aji ba su yi: ya raba aikatau da sauti. Uwar da aikatau take ba da umurni, ɗan kuma da sauti yake amsawa. Aikatau ɗin ne mai koyo zai buƙata in ya girma, domin babba ba ya cewa kare ya yi guau, ladrar yake amfani da shi, kamar yadda Bafaranshe ke da aboyer. Malaman kolejojinmu sun san wannan: ɗalibin da ya zo da haushin kare da carar zakara da haniniyar doki, aka ɗora masa cocorico a firamare, a aji na shida kuma aka kawo masa zakaran Ingila mai dogon suna.

Darajar littafin tana shafinsa na ƙarshe, wanda masu karanta wa yara kan wuce da gaggawa. A hanyar komawa gida, cikin cunkoson mutane, uwar ta so ta nuna ɗanta ya warke, ta ce ya yi haushi. Sai ya buɗe baki ya yi gaisuwa irin ta mutane. Feiffer bai ce kome a kai ba, ya bar mai karatu ya tambayi kansa wa George ya haɗiye wannan karon. Malamar da ta tsaya a nan, ta tambayi ɗan Meziko da ɗan Kuba yadda nasu karen yake yi kafin ta faɗi na Ingilishi, ta karanta littafin daidai. Wadda ta rufe shi a wurin likita ta karanta rabinsa ne.