Jinjina ga Masu Kula da Saba

Idan saba ta ƙi tashi, ba kowa ake kira ba. Sai waɗanda suka haddace matakan da Linux ta gada daga Unix System V: 0 kashewa, 6 sake kunnawa, 3 kowa ya shigo. Ni dai a mataki na 1 nake gane gwani. Nan ake sallamar kowa, a yanke sadarwa, root, wato mai cikakken iko a kan saba, kaɗai ya rage, ya duba faifan da ya lalace ta amfani da umarnin fsck, ko ya sauya kalmar sirrin da aka manta. Kuskuren harafi ɗaya na iya share komai, shi ya sa ba sa gaggawa. Sabon tsarin systemd ya zo a 2010, sunan mataki na 1 ya koma rescue.target, suka koye shi ba gunaguni.